Baltrus Makiyayi da Tsintsiyoyin Ranar Idi

Kin ce kun hau tudun Pilale da 'yan ajinku, Danute? Ta ina kuka hau? Ta hanyar nan ta gefen kogi, ko? To ai dama babu wata. Matso ta wannan gefen, kunnen nan nawa ya daɗe da mutuwa. Hanyar nan da kuka taka, da ba don mutum ɗaya ba, da tuni kifi ke kwana a kanta. Baltrus sunansa. Ba danginmu ba ne, ba dangin kowa ba ne a garinmu Meldine, makiyayin gari ne kawai.

Ke kin ga tudu ne da ciyawa a kai. Kakata kuwa in ta tashi maganarsa sai ki ce a ciki aka haife ta. Ta ce birni ne na gungumen itace a can sama, ga ganuwar ƙasa biyu, ga rami a bayan kowace, ƙofa ɗaya tak, ta gefen ruwa. In maƙiya sun taso sai kowa ya kwashi yara da shanu a shige a rufe. Wasu mutane ne masu rigar ƙarfe suka zo daga yamma, da gicciye a mayafinsu. Mu ma yanzu masu gicciyen ne, amma lokacin kakanninmu ba su karɓa ba tukuna. Suka zo aka kore su, suka dawo aka kore su, daga baya suka zo da wuta. Ba ƙarya ba ne, ni da hannuna na tono ƙonannen hatsi a can, baƙi ƙirin, kowace ƙwaya da siffarta. Itacen ya tafi, ƙasar ta zauna.

Kuma ba zaman banza ta yi ba. Kin san garinmu a kwari yake. Duk shekarar da ƙanƙara ta yi yawa, in ta tashi narkewa, kogin Melda har cikin ɗaki yake biyo mu. Ba kowace shekara ba, amma in ya zo ba ya sallama. Mutum sai ya haye rufin gida, saniya fa? Sai Pilale. A kora su ta hanyar nan, su bi ta tsohuwar ƙofa tsakanin ganuwa, su tsaya a sama har ruwa ya janye. Sauran gefunan kuwa ko akuya sai ta tsaya ta yi tunani.

Baltrus ya zo mana ne bayan babban yaƙin duniya, na farkon, ina sabuwar amarya a gidan kakanki Kazis. Ƙafarsa ta dama gajera, yana tafiya kamar mai auna gona. An ce Jamusawa sun kama shi, ya yi musu bautar noma a ƙasarsu, da aka sake shi ya tarar garinsu babu kowa nasa. Shi dai bai taɓa faɗa ba. Aka ɗauke shi kiwo. Makiyayi a wurinmu ba shi da tukunya, gida-gida yake ci, mai shanu da yawa ya ciyar da shi da yawa. Don haka babu miyar da bai sani ba a Meldine, kuma bakinsa ba ya ɓoyewa.

"Morta," ya ce mini ran da ya fara ci a gidanmu, "wannan miyar, kabejin ya shiga ne ko ya leƙa ya wuce?"

Surukata ta ɗaga ludayi za ta kwaɗa masa, ya kare kai da hula yana dariya. Tun ranar muka shaƙu. In sanyi ya shigo, kiwo ya tsaya, a ɗakin wankanmu na turiri yake zama yana saƙa kwanduna. Yana da ƙaho na itace, dogo, naɗe da ɓawo. In ya busa shi da safe, shanu kan riga matan gida tashi.

To, ramukan. Ƙasar garinmu jiƙaƙƙiya ce, in kin tona kamu biyu sai ruwa. Dankali ba ya kai tsakiyar hunturu sai ya zama kunu. Amma jikin Pilale busasshe ne kamar gari. Shi ya sa tun kakannin kakanni kowane gida ke da raminsa na ajiye dankali a jikin ganuwa, daidai saman hanyar nan, don nan ne rana ke bugawa, nan ne kuma keken doki ke iya kaiwa. Rami gado ne. In ana maganar aure har tambaya ake yi, nasu ramin a sama yake ko a ƙasa? In bazara ta yi aka kwashe iri, sai a bar ramukan a buɗe su sha iska har kaka. Haka muka taras. Ba wanda ya taɓa cewa, to in iska na shiga, ruwan sama ta ina yake bi?

Baltrus ne ya ce. Wata bazara ya hau duba hanya kafin a fito da shanu, sai ya ga ƙasa ta tsage, tsagar ta bi bakin ramukan nan ɗaya bayan ɗaya kamar an ɗinka ta da allura. Ya zura sandarsa, ta shige har mariƙi.

Ranar Jurgis, ran da ake fito da shanu karo na farko, maza suka taru a ƙofar gidan Laurinas mai unguwa. Mu mata muna tsaye baya da ƙwai da burodi. Baltrus ya cire hula.

"Mai unguwa, tudun nan zai zube."

"Wane tudu?"

"Guda nawa gare mu? Kun huda shi kamar cuku, ruwa na shiga ta sama, kogi na ci ta ƙasa. In gefen nan ya zame, da hanyar zai tafi. Ran da ruwa ya zo, a kafaɗa za ku ɗauki shanun?"

Laurinas mutum ne mai tumbi da sanyin murya. Ya ce, "Baltrus, masu rigar ƙarfe ba su rushe shi ba, sai dankali?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ƙafarsa ce gajera, shi ya sa yake ganin komai a karkace!"

"Ƙafata gajera ce, sandata doguwa ce. Ku zo ku zura ta da kanku."

"To me kake so a yi?"

"A cike ramukan. Duka."

Nan dariya ta tsaya. Sai Domisele, matar mai unguwa, ta kutso. Ke ba ki san ta ba. Doguwa ce, muryarta na kai gari biyu, shanunta sun fi na kowa, raminta ya fi na kowa zurfi, an jera masa duwatsu a ciki kamar rijiya. Ta ce, "Kai da ba ka da ko cokalin kanka, kai za ka gaya mana inda za mu ajiye abinci? In mun cike, a hularka za mu zuba dankalin?"

Ya ce a ƙasar Jamus a kan ƙasa ake tara shi, a lulluɓe da tattaka, a bi da ƙasa, a bar kafar numfashi. Ya ce jigawar nan ta bakin daji za ta yi.

"Jigawa! Mu ba aladun daji sadaka ke nan. Koma Jamus ɗin mana, tunda ta yi maka daɗi."

Wannan maganar ta soke shi, na gani a fuskarsa. Ya mayar da hula, ya busa ƙaho, ya kora shanu.

Bai bari ba. Duk gidan da ya je ci, kafin ya sa cokali sai tudu, bayan ya aje cokali sai tudu. Maza suka fara ɗaukar kwanonsu suna fita waje. Domisele ta riƙa ba shi miya da sanyinta. Kakanki ya je ya ga tsagar, ya dawo jikinsa a sanyaye, amma ya ce in mu kaɗai muka cike me zai hana, mu rasa rami tudun kuma ya zube. Kowa haka yake cewa a ɗakinsa. Mutum ɗaya ce ta ji, Agota, wata gwauruwa a ƙarshen gari mai saniya ɗaya, ramammiya, kamar an rataya buhu a kan katako. Ta ce, "Ni in saniyar nan ta tafi na tafi." Ita da Baltrus suka cike nata ramin su biyu. Gari ya yi ta yi mata dariya.

Ana haka aka yi ruwa na kwana da kwanaki. Wata safiya muka ji gum! Wani ɓangare ya ɓalle daga gindin hanyar ya faɗa kogi, girman keken doki. Maza suka je suka duba, suka sosa ƙeya, suka ce ai saura da yawa.

Daga nan Baltrus ya yi shiru. Ya daina maganar tudu sam. Sai dai wata sabuwar ɗabi'a da ya tsira. Duk gidan da ya ci, in zai fita sai ya ce, "Uwar gida, ba ki da tsohuwar tsintsiya da ta gama aiki? Ina hura wuta da ita a daji." Wa zai hana tsohuwar tsintsiya? Na ba shi tawa da hannuna, har da cewa ga wata ma in yana so.

Sai idin Sekmines ya zo, wanda ake yi mako bakwai bayan Ista. Ku yanzu ba ku san Sekmines ba, sai ganye a bakin ƙofa. A da ranar makiyaya ce. Da rana ake dawo da shanu, kowace an yi mata rawanin ɗanyen ganye da furanni a ƙaho, uwar gida ta tarye ta a ƙofa, ta watsa wa makiyayi ruwa don nono ya yawaita, ta ba shi ƙwai da cuku da kitsen alade. Amma matar da ta yi rowa duk shekara, ita saniyarta da tsohuwar tsintsiya take dawowa. Kin san abin da wannan yake? Sau ɗaya na taɓa gani ina yarinya, matar ba ta ƙara zuwa coci ba sai da aka yi girbi. Kuma abin da makiyayi ya ɗaura ranar, hannunsa kaɗai ke kwancewa. In wani ya taɓa, nono ya ƙafe. Ki yi dariya in kin so, mu ba mu gwada ba.

Shekarar nan gari cike yake da baƙi. Kowa danginsa sun zo daga coci, an shimfiɗa fararen zannuwa a tebur. Gidan Domisele kuwa iyayen saurayin 'yarta ne suka zo ganin gida, mutanen wani gari masu ji da kansu, da doki biyu da ƙararrawa. Ta fito da su ƙofa musamman su ga shanunta suna shigowa.

Muka ji ƙaho. Muka fito da bokitan ruwa, da ƙwai a cikin zane.

A gaba saniyar Agota ce. Yesu Mariya! Ba ki ganin ƙahonta don furanni, har wuya, har gadon baya, har jela. Tafe take tana taunar adonta. A bayanta kuwa garken gari kaf, kowace saniya da tsintsiya a tsaye tsakanin ƙahoni, suna kaɗa kai, tsintsiyoyin na rawa. Sai wata ta ƙwalla ihu, "Wannan ai tawa ce!" Muka duba, ashe kowace saniya tsintsiyar gidansu ce a kanta. Na gane tawa da jan zaren da na ɗaure ta da shi. Domisele mai shanu da yawa, da tsintsiyarta ba ta isa ba, ya tsinka ta ya raba musu.

Baƙi suka fara dariya. Da farko a cikin hannun riga, daga baya har da riƙe ciki. Uban saurayin nan ya ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Gari guda na marowata?" Matarsa ta zungure shi, ita ma kafaɗarta na rawa.

Domisele ta yi kan Baltrus da bokiti, ba watsawar albarka ba, ta juye masa duka a ka.

"Gurgun banza! Ni na yi maka rowa? Ni? Wa ke sa maka nama a miya a garin nan?"

Ya share fuska, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Ni ba ki yi mini ba, Gwaggo, ko da yake miyar na zuwa da sanyi. Su kika yi wa." Ya nuna shanun. "Suna ba ki nono, suna ba ki taki, suna ba ki maruƙa. Abu ɗaya suke nema a wurinki, hanyar tsira, kin ce dankali ya fi su. Ni makiyayinsu ne, ba makiyayin dankali ba."

"Kwance!"

"A cike rami, in kwance."

Laurinas ya ce, "Mun sallame ka!"

"To. Ga ƙahon. Wa zai kwance?"

Laurinas ya ce shi zai kwance, ya miƙa hannu wajen jar saniyarsu. Domisele ta doke hannun har sai da ya yi ƙara. "Taɓa ka gani! Kai za ka ba ni nonon?"

Ranar ba wanda ya ci abincin idi da daɗi, sai baƙi. Washegari ma idi ne, ba a aiki, shanu suka fita kiwo da tsintsiyoyinsu. Kuma Baltrus, Allah ya ji ƙansa, bai bi ta bayan gari ba, ta babbar hanya ya bi, inda mutanen garuruwa ke wucewa. Kafin rana ta faɗi har a kasuwa an ji. Muka haɗu a bakin rijiya, kowace fuska a murtuke, sai ga Agota ta zo ɗiban ruwa, ta soka fure ɗaya a ɗankwali. Ta ɗebi ruwanta ta tafi a hankali.

Domisele ta bi ta da kallo. Ta ce, "Agota. Agota mai saniya ɗaya ita ce mai kyauta a Meldine, ni ce marowaciya." Ta aje bokiti. "Gobe gayya. Duk wadda mijinta bai fito ba, ta turo mini shi."

Ba wanda aka turo. Gari na wayewa maza na kan tudu da shebur, mu da kwanduna. Baltrus ya kawo garken cikin tsohon ramin ganuwa ya tsayar, don kowa ya riƙa ganin saniyarsa. Ya ce ba zuba ƙasa kawai za a yi ba, sai yumɓu, a zuba kaɗan a daddaƙe, a zuba kaɗan a daddaƙe, a rufe da ciyawa mai saiwa. Yumɓun daga bakin kogi muke ɗaukowa, mu hau, mu sauka. Wuyana ya yi mako bai juya ba. Wasu mazan ya kai su gindin hanya, suka kafa turaku na ɗanyen itacen nan da yake saƙa kwando da shi, suka saƙa rassa a tsakani, suka cika bayan da duwatsu. Ya ce turakun za su yi saiwa su kama ƙasa. Kakanki ya ce, "Wato kwando za ka saka wa tudu?" Ya ce, "Shi na iya."

Duk ramin da aka gama, sai Baltrus ya hau kai ya yi tsalle da doguwar ƙafarsa, in bai lotsa ba ya sauka ya kwance tsintsiyar gidan, ya ɗora rawanin ganye. Matar gidan ta yi guɗa. Abin ya zama gasa, Danute. Mata na zagin mazansu, "Dubi gidan su wane har an kwance, kai kana nan kana shan taba!" Ƙwan da muka hana shi ranar idi duk muka kawo, aka soya a babban kasko nan cikin ramin ganuwa, kowa ya ci. Wajen gyara bakin wani rami aka tono kan mashi, tsatsa ta cinye shi. Aka ba Baltrus. Ya juya shi, ya mayar cikin ramin, ya ce mai shi ya fi mu sanin abin da ya tsare da shi.

Na Domisele ne ƙarshe, don ya fi zurfi. Kafin a zuba kwandon farko ta ce a dakata. Ta sauka ciki ita kaɗai, tana shafa duwatsun. Kakan mijinta ne ya jera su, a ramin nan suka ɓoye hatsi lokacin yaƙi, shi ya raya 'ya'yanta. Ta fito idonta jawur. Ba wanda ya yi mata tsiya. Ita ta juye kwandon farko. Auren 'yar ma an yi, in kina son sani. Uban saurayin ya ce matar da ta tayar da gari guda aiki da baki ɗaya, yana son jininta a gidansa.

Kada ki ce daga nan aka ɗauki Baltrus a ka. Ina! Da kaka muka tara dankali a jigawa yadda ya nuna, amma hannunmu bai saba ba. Hunturun ya zo da mugun sanyi, ƙanƙara har saman shinge. Wasu tattakarsu ta yi kaɗan, dankali ya daskare ya yi zaƙi. Aladun daji suka fasa na gida uku, na mai unguwa a ciki. Kafin bazara gidaje da yawa miyar kabeji zalla suke sha. In Baltrus ya wuce, sai a tofar da yawu. Laurinas ya faɗa a gaban jama'a cewa ranar Jurgis wani makiyayin za a nemo. Baltrus na zaune a ɗakin wankanmu yana saƙa, ya rame, ba ya tsokanar kowa. Na kai masa miya, ya shanye bai ce kabeji ya leƙa ba. Nan na san abin ya ci shi.

Sai narkewa ta zo gaba ɗaya, da ruwan sama a kai. Wata safiya ina tatsa, na ji ƙaho. Ba lokacin kiwo ba ne, shanu na garke tun kaka. Ba kuma busar safe ba ce, gajera-gajera yake yi ba tsayawa. Na leƙo, sai ga shi a tsakiyar titi yana ɗingishi da gudu. "Ƙanƙara ta toshe kogi a ƙasan gari! Ku kwance! Ku kwance!" Kafin in kwance ta biyu, ruwa ya taɓa mini idon sawu, sanyinsa kamar wuƙa.

Shanun da suka yi wata da watanni a ɗaure, ƙafafunsu na rawa, amma da suka ji ƙahon nan suka bi shi. Muka biyo da tumaki, da yara a baya, da tsofaffi a keken doki, kaji a buhu. Da muka isa gindin Pilale sai kowa ya ja ya tsaya. Kogin ya cika ya batse, faifan ƙanƙara manya-manya kamar ƙofar rumbu suna zuwa suna dukan gindin hanyar, ƙasa na girgiza a tafin ƙafa. Ruwa ya rufe saƙar nan, sai kawunan turaku kike gani. A baya kuma ruwa ya riga ya raba mu da gari.

Laurinas ya ce, "Za ta ɗauke mu kuwa?"

Baltrus ya hau hanyar shi kaɗai, ya je daidai inda tsagar take a da, ta bakin gefen ruwa, ya tsaya a nan, ya juyo ya busa. Shanu suka bi. Garke guda, Danute, da nauyinsu, da turereniyarsu, kofato na ƙwaƙular laka. Ni ina riƙe da jelar saniyarmu, idona a kan ƙasa ina jiran in ga ta buɗe baki. Wani faifan ƙanƙara ya zo ya daki saƙar har ya miƙe tsaye, ya tsage biyu, ya wuce. Ƙasa ba ta motsa ba. Shi kuwa yana nan a tsaye bai gusa ba, kowace saniya ta wuce sai ya kira sunanta, har ta ƙarshe, har keken tsofaffi, sannan ya biyo baya.

Da muka shige tsakanin ganuwar nan muka fito fili a sama, wata ta fara kuka, wata ta fara waƙar coci, sai duk muka kama. Muka juya muka ga Meldine, ruwa har tagogi. Can tsakiyar kogi ga shanun wani gari na sama da mu suna wucewa, ƙafafu a sama. Maza suka cire huluna.

Mun kwana biyu a can, ko uku, na manta. Muka hura wuta a bayan ganuwa inda iska ba ta kaiwa, muka jingina da shanu don ɗumi. Nono kuwa har ya yi mana yawa. Domisele ta tatsi jar saniyarta, ta ratsa mutane da kofi a hannu, ta miƙa wa Baltrus.

"Ungo, gurgun banza. Da zafinsa."

Ya kurɓa, ya ɗaga kai yana tunani. "Gwaggo, wannan kam ba laifi. Amma saniyar ce ta dafa."

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, sai ta kama kansa ta sumbaci goshinsa a gaban mijinta da kowa. Tudun nan ya ɗauki ihu da tafi.

Ya yi mana kiwo shekaru da yawa bayan wannan, har aka raba gonaki kowa ya koma kiwon nasa, ya tsufa a garin nan, a nan aka binne shi. Turakun kuwa su ne manyan itatuwan da kuka wuce a gindin hanya.

Ran da ruwa ya janye muka sauko ta inda muka hau. A ƙasa kowa ya tsaya yana tattara nasa. Ko ɗan tunkiya ba mu rasa ba. Har da ƙari muka sauko, don saniyarmu ta haihu a can sama, kakanki ya saɓo maraƙin a wuya yana tafe yana haki. Laurinas ya matso kusa da Baltrus, yana gyaran murya, yana kallon takalminsa.

"To, Baltrus. Zancen ranar Jurgis ɗin nan. Bana ma kai ne."

Baltrus ya rataya ƙahonsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Sai na yi shawara da shanu, mai unguwa."

Muka shiga gari cikin laka har gwiwa, muna dariya kamar waɗanda suka dawo daga biki.